Wanda ya isa ya mutu don Amurka, me zai hana shi zama a cikinta?

A garin Tijuana na ƙasar Meziko, dab da shingen kan iyaka, wani tsohon sojan Amurka mai suna Hector Barajas ya buɗe gida a 2013 don karɓar 'yan uwansa tsofaffin sojoji da Amurka ta kora. Shi ma korarre ne. Ya yi aiki a runduna ta 82 ta sojojin laima, bayan ya ajiye kaki aka ɗaure shi kan laifin da ya shafi harbin bindiga, yana gama zaman gidan yari aka tisa ƙeyarsa a 2004 zuwa ƙasar da ya baro tun yana yaro. Sai da gwamnan Kalifoniya Jerry Brown ya yi masa afuwa a 2017, sannan ya samu zama ɗan ƙasa a 2018.

Mutane da yawa na zaton da zarar baƙo ya sa kakin Amurka ya zama Ba'amurke. Sojojin kansu da dama haka suka ɗauka, kuma ban ga laifinsu ba, domin rantsuwar shiga soja da rantsuwar zama ɗan ƙasa dukkansu alkawari ne na kare tsarin mulkin ƙasar. Amma abin da doka ta ba su shi ne sauƙin nema kawai. A lokacin zaman lafiya, wanda ya yi shekara guda a bakin aiki zai iya miƙa takarda. A lokacin yaƙi ba a ma jiran shekarar, kuma a Yulin 2002 shugaba George W. Bush ya ayyana cewa lokacin yaƙi ya fara ne daga 11 ga Satumban 2001. Duk da haka sai soja ya cike takardu, rundunarsa ta ba da shaidar aikinsa, ya zauna an yi masa tambayoyi, sannan a rantsar da shi. Yaron da aka tura Kandahar ko Falluja, ina ya ga sukunin bin takarda?

Waɗanda suka bi sun samu. Hukumar da ke ba da takardar zama ɗan ƙasa ta ce ta rantsar da sojoji sama da 187,000 tun daga 2002, kuma a 'yan shekarun nan Najeriya da Ghana na cikin ƙasashe biyar da aka fi samun haifaffunsu a wannan jeri, tare da Filifin da Jamaika da Meziko. Ke nan batun ya shafi 'ya'yanmu da suka tafi can da katin zama na dindindin suka shiga soja.

Matsalar tana ga wanda bai bi ba. A 1996 aka yi dokar shige da fice da ta faɗaɗa jerin laifukan da ke sa a kori baƙo, ta kuma ɗaure hannun alƙalai. Daga lokacin, a manyan laifukan da ke jerin, alƙali ba shi da damar duba cewa mutumin da ke gabansa ya yi yaƙi, ko an harbe shi, ko 'ya'yansa Amurkawa ne. Miguel Perez ya je Afghanistan sau biyu, ya dawo da ciwon firgicin yaƙi, ya faɗa harkar hodar iblis, ya yi zaman kaso, aka kore shi a 2018. Shi ma afuwar gwamnan jihar Illinois ce ta cece shi a 2019. Sae Joon Park an harbe shi a Panama a 1989, an ba shi lambar yabon waɗanda aka raunata a fagen daga, amma a Yunin 2025 ya tattara ya koma Koriya ta Kudu saboda tsohon laifin ƙwaya. Ofishin da ke bin diddigin ayyukan gwamnati ya gano a 2019 cewa daga 2013 zuwa 2018 an sa tsofaffin sojoji aƙalla 250 a layin kora, an kori 92, kuma jami'an shige da fice ba koyaushe suke bin ƙa'idar duba tarihin aikin mutum kafin su ɗauki mataki ba. Abin takaici, korarren sojan da ya bar aiki da mutuncinsa yana da haƙƙin a binne shi a maƙabartar sojoji ta ƙasa, wato gawarsa na da izinin shiga ƙasar, izinin da shi mai ran ba shi da shi. An ci moriyar ganga an ya da kwaurenta.

Masu goyon bayan korar suna da hujjar da ba za a raina ba. Suna cewa kaki ba lasisin aikata laifi ba ne, kuma wanda aka sayar wa ɗansa ƙwaya bai damu ko mai sayarwar tsohon soja ne ba. Gaskiya ne. Amma babu wanda ya ce a yafe. Barajas da Perez sun yi zaman gidan yari kamar kowa. Abokin aikinsu haifaffen Teksas da ya yi laifi iri ɗaya, idan ya gama wa'adinsa gida zai koma, ya ci gaba da ganin likitansa a asibitin tsofaffin sojoji. Su kuwa hukunci biyu aka yi musu, na biyun ma ya fi na farko tsawo. Kuma idan firgicin yaƙi ne ya kai mutum ga shaye-shaye, ƙasar da ta aike shi ce ta kamata ta ɗauki nauyin jinyarsa, ba Meziko ko Koriya da ba su san hawa ba balle sauka.

Hujjar da ta fi damuna daban ce: idan aka mai da fasfo ladan yaƙi, talakan baƙo ne zai riƙa saye da jininsa. Jose Gutierrez, maraya daga Guatemala, yana cikin sojojin Amurka na farko da suka mutu a Iraƙi a Maris na 2003, kuma sai bayan rasuwarsa aka ba shi zama ɗan ƙasa. Faransa ma tun 1999 tana da dokar da ke bai wa baƙon sojanta da aka raunata damar zama Bafaranshe saboda jinin da ya zubar, ita da ta daskarar da fanshon sojojinta na Afirka shekaru gommai, kuma sai a 2017 shugaba Hollande ya ba wasu tsofaffi 28 daga cikinsu takardar zama 'yan ƙasa. Cinikin ba shi da daɗin ji. Sai dai tunda an riga an ƙulla shi, mafi ƙarancin adalci shi ne wanda ya karɓi aikin ya biya ladan.

Gyaran ba wuya gare shi ba. A kammala wa soja takardarsa tun yana sansanin horo, kamar yadda aka yi na wasu shekaru kafin a dakatar a 2018, a kuma mayar wa alƙalai ikon duba tarihin aikin tsohon soja. Majalisar wakilai ta amince da ƙudurin da ya nufi wannan hanya a Disambar 2022, majalisar dattawa ba ta taɓa shi ba. Kafin 'yan siyasar Washington su farka, duk mai ɗa ko ƙane a rundunar Amurka ya tambaye shi a waya ko an rantsar da shi a matsayin ɗan ƙasa. Idan amsar ita ce tukuna, ya nemi lauyan rundunarsa ya cike takardar tun yana cikin kaki.