Tabarau na iya koya ɗawafi, amma ba ya yin halwa

A Disamban 2021 hukumar kula da Masallatai Biyu Masu Alfarma ta Saudiyya ta ƙaddamar da shirin ganin Hajarul Aswad ta cikin tabaran nan na kwamfuta da ake ɗaurawa a fuska. Ba a jima ba hukumar addini ta Turkiyya, Diyanet, ta ce wannan kallo ne kawai, Hajji sai ƙafa ta taka ƙasa mai tsarki. Wannan amsa ko gardin tsangaya a Taura zai ba da ita. Abin da ya fi ɗaure kai shi ne tallar da ake yi yanzu a Amurka da Turai, wai na'urar za ta iya kai mutum inda masu zikiri da halwa suke shekaru suna nema.

Maganar ba ta rasa tushe ba. Tabaran yana nuna wa kowane ido hotonsa daban, yana bin motsin kai, sai ƙwaƙwalwa ta yarda cewa jiki yana can cikin hoton. A 2022 masanin kimiyya David Glowacki da abokan bincikensa sun wallafa gwajin da suka yi da tabaran, inda aka sa mutane suka ga jikinsu ya zama haske yana cakuɗuwa da na wasu. Da yawansu sun ce sun ji iyakar da ke tsakaninsu da sauran mutane ta narke. Ban ƙaryata abin da suka ji ba. Na dai ƙi yarda a kira shi buɗi irin wanda sufaye ke nema a wajen Allah.

Duk wanda ya zauna wazifa bayan magariba a zawiyyar wani ƙauye a Ringim ko Gumel ya san tafiyar ta ragewa ce. A rage ci, a rage barci, a rage surutu, mai halwa ma har haske yake rage wa ɗakinsa. Na'urar kuwa cika ido da kunne take yi har su tumbatsa. Sannan shehunai ba su taɓa ɗaukar ganin haske a matsayin isowa ba. 'Yan Ƙadiriyya suna ba da labarin Shehu Abdulƙadir Jilani da wani haske ya cika masa sararin sama, murya ta ce an halatta masa abin da aka haramta. Ya nemi tsari da Allah, hasken ya koma hayaƙi. Ilimi ne ya cece shi. Shi ya sa muridi yake da muƙaddami, wanda zai ce masa wuce, wannan ba komai ba ne. Kamfanin da kuɗin wata yake jira daga gare ka ba zai ce maka wuce ba.

Inda nake ganin amfaninsa shi ne bitar maniyyata. Gyatumar da ba ta taɓa wuce Dutse ba, in ta zagaya Ka'aba a tabarau, ta ga inda Safa da Marwa suke, ta ga benen jifa, ruɗewarta a Makka za ta ragu. Hukumomin alhazai na Kano da Jigawa za su iya sayen 'yan ƙwayoyin tabaran su zagaya ƙananan hukumomi da su, da farantin sola na caji, tunda wutar ba abin dogaro ba ce.