Ingila ta naɗa David Oyelowo sarki a dandamali, ta hana shi sarauta a fim

A shekarar 2000 kamfanin wasan kwaikwayo na Royal Shakespeare Company ya ɗauko wani saurayi ɗan shekara 24, David Oyelowo, ya ce shi zai fito a matsayin Sarki Henry na Shida a wasan marubucin Ingila William Shakespeare. Kafin shi, babu baƙar fatar da ya taɓa fitowa a matsayin sarkin Ingila a wani babban wasa na kamfanin. An yi ta surutu kafin a fara, wasu na cewa an ci zarafin tarihi. Da aka fara wasan sai surutun ya lafa, Oyelowo kuma ya karɓi kyautar Ian Charleson, wadda ake ba matasan da suka yi fice a wasannin manyan marubutan zamanin da.

Shekara bakwai bayan wannan nasara ya kwashe iyalinsa ya koma Los Angeles. Ni a ganina wannan ƙaura abin kunya ce ga harkar fim da talabijin ta Birtaniya.

An haife shi a Oxford a 1976, iyayensa 'yan Najeriya ne. Ya yi wani ɓangare na ƙuruciyarsa a Legas, ya koma Landan yana matashi, ya yi karatun wasan kwaikwayo a makarantar LAMDA. Wato Birtaniya ce ta horar da shi. Horon dandamali kuwa ba ƙaramin abu ba ne. Wasan Henry na Shida kashi uku ne, dogayen baituka ne da tsohon Turanci, kuma babu darakta da zai ce a tsaya a sake ɗauka. Dole muryarka ta isa kunnen mai zaune a kujerar ƙarshe ba tare da ka yi ihu ba, gobe ma ka dawo ka maimaita kamar yau ka fara. Wanda ya ci wannan jarabawa yana ɗan 24, me kuma ake jira ya nuna?

Abin da talabijin ta ba shi shi ne Danny Hunter a shirin leƙen asiri na BBC, Spooks, daga 2002 zuwa 2004. Rawa ce mai kyau, ta sa an san shi, amma a gefen jarumi yake tsaye. Birtaniya ta fi alfahari da finafinan tarihi, na fadoji da manyan gidajen attajirai, kuma shekara da shekaru masu shirya su suna yi kamar babu baƙar fata a ƙasar kafin ƙarni na 20. In an rufe maka wannan ƙofa, an rufe maka babbar kasuwar gida. Haka Idris Elba sai da ya je Amurka ya yi The Wire kafin a waiwaye shi a gida.

A Amurka ma ba a shimfiɗa masa tabarma ba. Ya yi ƙananan fitowa, kamar ta soja a Lincoln a 2012, ya kuma shafe shekaru yana bin fim ɗin Selma har aka yi shi a 2014 ƙarƙashin Ava DuVernay. Duk wanda ya kalli yadda ya fito a matsayin Martin Luther King ya ga amfanin shekarun dandamali: yadda yake jan numfashi a tsakiyar huɗuba, yadda yake barin shiru ya yi aiki. Duk da haka sunansa bai fito a takarar Oscar ba, a shekarar da duka 'yan wasa 20 da aka zaɓa fararen fata ne.

Akwai ƙorafin da ya cancanci a saurara. A 2017 ɗan wasan Amurka baƙar fata Samuel L. Jackson ya soki yadda ake ba baƙaƙen Birtaniya rawar baƙaƙen Amurka, ya kuma ambaci Selma. Ina jin zafin maganar, domin tarihin bauta da wariya na iyayen baƙaƙen Amurka ne, kuma guraben aikin kaɗan ne. Sai dai ba kan Oyelowo ya kamata a sauke fushin ba. Sana'ar ɗan wasa ita ce ya zama wanda ba shi ba. Da wannan hujja aka kare shi lokacin da ya zama sarkin Ingila, ba zai yiwu a janye ta don ya zama Dokta King ba. Masu kuɗin da suka ƙuntata guraben a ƙasashen biyu su ne da laifi.

Yanzu gida na nemansa. BBC ta ba shi rawar ɗan sanda Javert a shirin Les Misérables a 2018, sannan a 2024 ya ja ragamar wasan Coriolanus a National Theatre da ke Landan. Ina murna da haka, amma sai da Amurka ta buga masa tambari aka gayyato shi. Matashin da ke fitowa daga LAMDA bana, ba dole ne ya sami kuɗin jirgi da shekarun jira a Los Angeles ba, kuma bai kamata a ce sai ya same su kafin ƙasarsa ta ba shi babbar rawa ba.