Iska na wahalar da mai kayan kara, balle mai katifa

Sati uku da sayen babur ɗina na fara jin kaina. Kun san halin ɗan koyo: daga ranar da babur ya daina mace masa a tsakiyar titi, daga ranar yake fara kallon sauran masu babur da ido ɗaya. Ni har na kai matsayin da nake sauya giya ban leƙa ƙafata ba, kuma da gangan nake yi in na ga akwai masu kallo.

Ranar da abin ya faru, katifa na je ɗaukowa. Ta mutum ɗaya ce, amma mai kauri, mai taurin kai. Da ƙyar muka ninka ta biyu, muka tsayar da ita a bayana, muka ɗaure da roba. Ta ɗara kaina tsawo, ta kuma leƙo ta kowane gefe. Ina cikin jan robar ƙarshe yayana ya kira. Shi ya fi shekara goma sha biyar yana hawan babur, shi ya koya min ma.

"Ka ɗaga kai ka dubi itatuwa kuwa?" in ji shi. "Ka bar katifar nan sai gobe."

Na ce, "Haba Yaya, iska ce fa kawai. Ko ɗigon ruwa babu."

"To Allah ya kiyaye. Amma in ta buge ka, kada ka ƙanƙame kan babur, ka bar shi ya..."

"To, to, na ji," na katse wayar. Wanda bai ji bari ba, ai kun san sauran.

Gaskiya na dubi itatuwan. Ba rassa kaɗai ke kaɗawa ba, itacen gaba ɗaya ne ke rausaya tun daga gindi. Wata baiwar Allah lemarta ta kife ta koma kamar kwando, mutane na tafiya a sunkuye kamar masu neman abin da ya faɗi. Sai daga baya, ina kwance da kumburarriyar gwiwa ina latsa waya, na tarar ashe tun 1805 wani hafsan sojan ruwan Birtaniya, Faransis Bofot, ya tsara ma'aunin ƙarfin iska, wanda yau yake tafiya daga 0 zuwa 12. A ma'aunin nan, in lema ta gagari mai ita, mataki na 6 ke nan. In itace gaba ɗaya na motsi kuma tafiya da ƙafa na wuya, mataki na 7 ne, iska mai gudun kilomita 50 zuwa 61 a awa. Wato itatuwa sun gaya min, lema ta gaya min, Yaya ya gaya min. Ni kuwa na zura rigar ruwata mai faɗi, wadda zif ɗinta ya daɗe da lalacewa, na buga kik.

Cikin gari abin bai yi muni ba, don gine-gine sun tare. Sai dai duk inda aka sami rata tsakanin gini da gini, ko na zo mahaɗar titi, sai in ji an kwaɗa min mari a kafaɗa, babur ya ɗan goce, kafin in waiga an wuce wurin. Na riƙa dariya ni kaɗai cikin hular kwano.

Dariyar ta ƙare ne da na fita fili. Da farko iskar ta gaba take zuwa. Ina tafiya a kan 60, ita tana tahowa da kusan 50, ka ga abin da ke dukan ƙirjina ya kai 110 ke nan. Kuma ƙarfin bugun iska ba a hankali yake ƙaruwa ba: in gudunta ya ninka biyu, bugun sau huɗu yake ninkawa. Rigar ruwan nan ta cika da iska ta kumbura, tana faf-faf-faf a kunnena, hular kwano na neman ɗagewa ta tafi da haɓata don ban ja igiyar da kyau ba. Na murɗa totur, babur na ta kuka, amma kamar ana riƙe da mu ta baya. To ana riƙe da mu ɗin. Katifa ce.

Sai hanya ta yi kwana, iska ta dawo ta hagu. Jama'a, ranar na gane dalilin da ya sa ake ce wa marar mutunci ɗan iska. Ba ta turo ka da gaskiya ka san abin da kake ciki. Sai ta tura, ta saki, ta yi kamar ta tafi, ka fara sauke ajiyar zuciya, ta dawo da ƙarfinta. Ni kuma na yi daidai abin da Yaya ya fara hana ni kafin in katse shi: na ƙanƙame kan babur da iyakar ƙarfina, hannuwa sun miƙe sun sandare kamar taɓare. Abin da ban sani ba shi ne, in hannunka ya sandare, duk dukan da iska ta yi wa jikinka kai tsaye yake zarcewa kan babur. Ita ta ture ni, ni in ture kan, taya ta goce, in firgita in fizgo, ta goce ɗaya gefen. Haka muka riƙa zana maciji a kan kwalta. Duk addu'ar da na sani na karanta, har da ta shiga kasuwa.

Ina cikin wannan hali wani dattijo ya iso gefena a kan wani tsohon babur da ya girme ni. Yana tafe a karkace, ya jingina da iskar kamar wanda ya jingina da bango yana hira, ya ɗan buɗe gwiwarsa ta hagu waje. Ko a jikinsa. Ya dubi katifa, ya dube ni, ya ɗaga murya:

"Yaro! Saki hannunka! Matse tanki da gwiwa!"

Ya wuce abinsa. Na ce a raina wannan tsoho ko ya gaji da duniya ne yake neman abokin tafiya. Saki hannu? A nan? Amma da yake dabarata ta ƙare, sai na gwada tasa. Na matse tanki da cinyoyi, na sassauta yatsu, na lanƙwasa gwiwar hannu, na ɗan sunkuya. Wallahi kamar an yi ruwa an ɗauke. Babur na motsi a ƙarƙashina, yana ɗan gocewa yana dawowa da kansa, ni kuma ban hana shi ba. Sai na tuna wani abu da Yaya ya taɓa nuna min na ɗauka wasa ne, cewa in kana cikin gudu, gefen da kake so babur ya kwanta, hannun wannan gefen kake ɗan turawa gaba. Na ɗan tura hannun hagu, babur ya kwanta hagu, ya jingina da iska, muka miƙe sak muna tafiya a karkace kamar dattijon.

Minti biyu ba a yi ba girman kaina ya dawo. Har na fara shirya yadda zan ba Yaya labari, in nuna masa cewa abin da ya ɗauke shi shekaru ni a kwana ashirin da ɗaya na gama da shi.

Sai tirela ta taho ta baya za ta wuce ni, ta gefen da iska ke zuwa.

Ka taɓa jingina da ƙofa wani ya buɗe ta daga ciki ba sallama? To haka. Kan motar ya fara ture ni da iskar da yake korowa, sannan da jikinta ya yi daidai da ni, iska ta ɗauke ɗif. Ni kuwa ina kwance hagu, na jingina da abin da babu shi. Babur ya nufi tayoyin tirela, tayoyin da kowace ta kusa kai ƙuguna. Na yi salati, na fizgo dama, na saki totur gaba ɗaya, na danne birki. Ina cikin karkata dama ɗin wutsiyar tirela ta wuce, iskar da ta tare ta dawo gaba ɗaya, ta sami katifa a tsaye tana jira.

Allah ya taimake ni gudun ya riga ya ragu, gefen hanyar kuma ƙasa ce mai laushi. Roba ta tsinke. Na ga katifa ta tashi sama ta buɗe, ta wuce ni, ta sauka shimfiɗe a gabana kamar an gyara wa baƙo. Har na ji daɗi a cikin iska, na ce kai, ashe da rabon ta yi min rana. Na sauka a gefenta. Tsakanina da ita bai fi taki ɗaya ba.

Ina ƙoƙarin tantance wace ƙafa ce tawa, katifa ta sake miƙewa ta kama hanyar daji tana tuntsurawa. Na bi ta da ɗingishi, hular kwano a karkace, rigar ruwa ta rufe min fuska. Da na kamo ta na jawo, sai na tarar dattijon nan ya dawo, ya ɗaga min babur, ya kashe shi.

"Sannu. Babu karaya?"

"Babu, Baba. Gwiwa ce kawai."

"To zauna a kanta kafin ta sake gudu."

Haka muka zauna mu biyu a kan sabuwar katifata a bakin hanya, motoci na wucewa ana leƙenmu. Na nuna wani babban itace na ce mu koma ƙarƙashinsa, ya ce in dai ba so nake reshe ya ƙarasa abin da tirela ta fara ba, in zauna inda nake.

Bai yi min faɗa ba, tambayoyi ya riƙa yi, waɗanda sun fi faɗa ciwo. Ina madubina yake da ban ga motar tun daga nesa ba? Na ce katifa ta rufe shi. Ya gyaɗa kai. Me ya sa nake bin bakin kwalta, alhali nan ne iskar ke son kai ni? Ya ce mutum yakan bar wa kansa fili ta gefen da za a tura shi, sai in babbar mota ta matso, ya rage gudu tun da wuri, ya ba ta rata, ya sa a ransa cewa iska za ta ɗauke kuma za ta dawo. Haka in za ka fito daga bayan dogon gini, ko tudu, ko ka hau gada. Ya ce iskar da ke busawa ba ta cika kayar da mutum ba, wadda ta ɗauke ba sallama ita ce abin tsoro. Sannan totur: me ya sa na sake shi? Babur ya fi tsayuwa in inji na ja, gara ka sauko giya ɗaya ka riƙe wuta daidai, da ka saki komai ka damƙi birki kana karkace.

"Wa ya koya maka tuƙi?"

"Yayana."

"Bai gaya maka wannan ba?"

Na ce waya ce ta katse.

Sai da iska ta lafa ya tare min wata mota mai buɗaɗɗen baya aka ɗora katifar. Na lallaɓa gida a kan 30, ina duba babur a kowace tsayawa. Abin mamaki, ko ƙwarzane na kirki bai yi ba, madubai biyu lafiya lau. Don murna na kafe shi a tsakar gida, na lulluɓe shi da tamfol, na ɗaure tsaf kada ƙura ta taɓa shi.

Wajen ƙarfe biyun dare iska ta dawo. Ƙafar da ake kafe babur a hagu take, iskar kuma ta hagun ta zo, tamfol ya cika ya kumbura. Ina kwance a kan katifar da ke warin ƙasa na ji rim!

Da safe Yaya ya zo duba ni. Ya tsaya a kan babur ɗin da ke kwance, ya tsinci madubin dama da ya rabu biyu, ya juya shi a hannu.

"Wannan a hanya ne?"

Na ce, "A'a, Yaya. Wannan a gida ne."

Ya ce in kawo wayata. Na miƙa masa, ya sa a aljihu, ya jawo kujera ya zauna, ya ce, "Yauwa. Ina muka tsaya jiya?"