Kwalin da ya tsone wa wani ido

Ba zan kama suna ba, shi ya san kansa, kuma na tabbata zai riga abokaina karanta wannan. Akwai wani a cikin sana'ar nan tamu ta ɗaukar hoto da ya mayar da kayan aikina abin hira a majalisa. Ya faki idona a wajen wani kamu ya ɗauki hoton akwatin haskena, ya ɗora a sitatus, ya rubuta a ƙasa wai a tausaya wa amaryar da aka kawo wa mai hoton bola. Malam wane, saƙonka ya iso.

Tun da ka tallata shi ba ka yi bayani ba, bari ni in yi. Kwali ne, ban musa ba. Na yanka shi bakinsa ya buɗe, gindinsa ya tsuke. Cikinsa na liƙe da takardar alminiyam, irin wadda ake naɗe gasasshen kifi da ita, amma sai da na cukuikuye ta sannan na warware, domin idan ta kwanta sumul haske taruwa yake wuri guda ya yi tabo a goshi. Bakin kuma farin yadi ne daga Kantin Kwari, tela ya sa masa roba a gefe yadda zan cire in wanke idan ƙurar hunturu ta dafar da shi. Ƙafar da yake tsaye a kai mai waldar unguwarmu ne ya haɗa. A ciki filasha nake sawa ko ƙwan LED, ban taɓa yarda da ƙwai mai zafi ba, don kwali da zafi ba sa shiri, kuma duk yaron da na koya wa da wannan gargaɗin nake fara masa.

Abin da ba ka sani ba, da ka sani da ba ka yi dariya ba, shi ne taushin haske daga faɗin wurin da yake fitowa yake zuwa. Bakin filasha bai kai tafin hannu ba, shi ya sa inuwarta take da kaifi. Idan ka bi da hasken ta cikin yadi mai faɗin santimita 60, ka matso da shi kusa da fuska, sai inuwar ta narke, kunci da haɓa su fito da siffarsu. Ka ja shi baya ka ninka nisan, hasken da zai isa fuskar ya koma kashi ɗaya cikin huɗu, kaifin kuma ya fara dawowa. Wannan ƙa'ida ɗaya ce a kan sofbos, wato akwatin haske na kamfani, da aka sauko da shi daga jirgi da kuma kwalin da ka raina. Haske bai san rasit ba.

Ni ma ina ganin aikin wasu, ban dai taɓa ɗorawa a sitatus ba. Filasha a kafe a kan kyamara, a harba ta kai tsaye, amarya ta wuni ana mata kwalliya amma ta fito kamar an watsa mata garin rogo, ga baƙar inuwa tsaye a bango bayanta. Ango kuwa yana cikin farar shadda, kyamara ta ga farin ya yi yawa ta rage haske da kanta, fuskar bawan Allah ta nutse a ƙarƙashin hula, sai haƙora. Mu da muke ɗaukar baƙar fata cikin fararen kaya kullum, wannan ne karatunmu na farko. Maganinsa a wajena abin tare rana ne na gilashin mota, mai ruwan azurfa ɗin nan. Yaro ya riƙe shi daga ƙasa ya karkata kaɗan, ya ɗebo hasken rana ya mayar ƙarƙashin hula, idanu su fito, aikin zaren da ke wuyan riga ma ya fito.

Waɗanda suka fi mu a sana'ar ba su ji kunyar wannan ba. Seydou Keïta, da ya buɗe situdiyonsa a Bamako a 1948, kafinta ne ɗan kafinta. A tsakar gida yake ɗaukar mutane da hasken rana, kuma mayafin gadonsa ne labulen da ya fara ratayawa a bayansu. A 2016 aka baje hotunan nan a Grand Palais, babban gidan baje koli na birnin Faris, mutane suna bin layi su gani. Ita kanta kyamarar dijital da ake mana fankama da ita, ta farkonta haɗe-haɗe ce. Steven Sasson, injiniya a kamfanin Kodak, shi ya harhaɗa ta a 1975, gilashinta ya tsinto shi ne a cikin ragowar kayan wata kyamarar fim, nauyinta kilo 3.6, kuma sai ta ɗauki daƙiƙa 23 kafin ta rubuta hoto ɗaya a kaset. Da kana wurin, na san abin da za ka rubuta a ƙarƙashinta.

Ban ce komai ake yi a gida ba. Gilashin kyamara ba ya haɗuwa a gaban shago, katin ajiya kuma duk wanda ya sayi na bogi yana wasa ne da bikin mutane, wanda ba a maimaita shi. Can nake kai kuɗina. Amma abin da zai tare haske, ko ya mayar da shi, ko ya riƙe kyamara, hannuna ya isa. Safa cike da shinkafa tana zaunar da kyamara daram a kan katanga. Ramin da ke gindin kusan kowace kyamara na noti ne mai rubu'in inci, ka samo shi a wajen masu kayan ƙarfe, ka ɗaura masa igiya, ka take ɗaya bakin da ƙafa ka ja sama, rawar hannu ta ragu ko a cikin turmutsitsin hawan Daushe inda babu wurin kafa ƙafar kyamara.

Da a kaina ka tsaya, wallahi da ban tanka ba. Abin da ya sa na ɗauki waya shi ne maganar da ka faɗa wa yaron nan. Yaro maraya, ya tara kuɗin dako ya sayi tsohuwar kyamara, yana zuwa wajena bayan makaranta, ka tare shi ka ce masa wanda ba shi da kayan miliyoyi ya nemi wata sana'ar. Ya zo mini idonsa ya yi ja yana tambayar nawa za a sayi kyamararsa. Ka san abin da ka kusa kashewa kuwa? Kai da ranar biki sai ka biya ka karɓo kyamara da fitilu, washegari da safe ka mayar? Haya ba abin kunya ba ce, dukkanmu muna yi idan aiki ya fi ƙarfin abin da ke hannu. Amma kayan aro ba ya rufe katara, bare har a tsaya a cikinsa ana kore 'ya'yan mutane daga hanyar abincinsu. Yaron yana nan bai sayar ba, kuma hotunan sunan da ya ɗauka da kwalin da ya haɗa da hannunsa, iyayen jaririn sun sa an wanke musu babba sun rataye a falo.

Sai kuma ɗaya abin. Na san ka aiko yaronka ya kewayo ta bayan shago yana tambayar yarana wane irin yadi ne a bakin akwatin, wai shi ne yake son sani. Bai kamata ka wahalar da shi ba, ni ba na ɓoye ilimi. Farin yadi ne marar kauri, wanda idan ka ɗaga shi a rana za ka ga inuwar yatsunka ta bayansa. Ka duba kada ya zama mai ratsin shuɗi ko ruwan madara, don zai sauya launin fata. Idan filashar ta yi ƙarfi ka ninka shi biyu, ka bar tazarar taƙi ɗaya tsakaninsa da ita.