Masu aikin sa kai daga nesa ba za su cike gurbin USAID ba

Tun da gwamnatin Trump ta dakatar da tallafin ƙasashen waje a watan Janairun 2025, har aka kai ga rufe USAID, hukumar Amurka mai tallafa wa ƙasashe masu tasowa, a watan Yuli, wata magana ta fara yawo: wai kada a damu, akwai ƙwararrun kwamfuta a Turai da Amurka da za su ba da lokacinsu kyauta, ga kuma ƙirƙirarriyar basira. Maganar nan ta ishe ni.

Hujjar da masu wannan magana suka fi so ita ce Haiti. Gaskiya ne, bayan girgizar ƙasar 12 ga Janairun 2010, ɗaruruwan 'yan sa kai sun zauna a gidajensu suna bin hotunan tauraron ɗan adam, suka zana titunan Port-au-Prince, babban birnin ƙasar, a OpenStreetMap, taswirar intanet da kowa ke iya gyarawa, cikin 'yan kwanaki, masu ceto kuma suka yi amfani da taswirar. Abin da ake tsallakewa shi ne, saƙonnin neman agaji da aka riƙa turawa lambar wayar gaggawa ta 4636 da harshen Kiriyol aka rubuta su. 'Yan Haiti mazauna waje ne suka fassara su, su ne suka gane wace unguwa ake nufi. Mai ɗaki shi ya san inda yake masa yoyo.

Shirin zana taswira na Missing Maps da ƙungiyar likitoci ta MSF da Red Cross suka kafa a 2014 bai ɓoye wannan ba. Na nesa ya zana rufi da hanya, sai na gida ya zaga da ƙafa ya sa suna. Wanda ke Landan yana hango rufin kwano daga sama, amma bai san ko asibiti ne ko ɗakin ajiyar hatsi ba, balle ya san hanyar tana yankewa da damina.

Mu a nan mun gani a yaƙin shan inna. Taswirar ƙauyuka da rugage da aka yi a Kano da maƙwabtanta ta yi amfani ne domin ma'aikata masu albashi sun bi gida-gida, tare da masu unguwanni, kafin a ayyana Najeriya ta rabu da cutar a Agustan 2020. Kuɗi aka kashe, ba kyauta aka yi ba.

Masu cewa ko ba komai ai gara babu daɗi da babu, su tambayi Peru. Ta sayi kwamfutocin One Laptop per Child, shirin bai wa kowane yaro kwamfuta mai rahusa, sama da 800,000, binciken bankin raya ƙasashen nahiyar Amurka na 2012 kuma bai ga wani ci gaba a lissafi ko karatun yaran ba.

Ba ƙyamar ɗan sa kai nake yi ba. Amma manhajar da aka haɗa a ƙarshen mako ba ta sayen maganin zazzaɓin cizon sauro, kuma ranar da ta lalace, mai ita ya koma bakin aikinsa. In da gaske ake, a ɗauki matasanmu da suka iya aikin nan a Kano da Maiduguri da Damagaram, a biya su, a bar manhajar da bayananta a hannunsu.