Da Muguwar Rawa Gara Ƙin Tashi

Assalamu alaikum ƙannena da 'ya'yana na zango.

Daren Asabar ɗin nan da ta wuce, bayan isha'i, na biyo ta wata majalisar samari a unguwar Nima da ke Accra, irin wadda kuke kira bes, inda ake dafa ataya har tsakar dare. Ɗan ƙanwata na zaune a tsakiyarsu. Shekararsa guda ke nan a Afirka ta Kudu yana koyon tuƙin jirgin sama, kuma sai da uwarsa ta sayar da filinta na Kasoa kafin kuɗin makarantar su haɗu. Ya zo hutu, abokai sun kewaye shi da tambayoyi. Yana ba su labarin ranar da aka ba shi ƙaramin jirgi, Cessna mai kujera huɗu, ya yi tafiyar nesa shi kaɗai, wadda sai ya yi ta za a ba shi lasisi. Ya ce bai fi minti ashirin da tashi ba ya hango girgije ya sauko ya rufe kan duwatsun da ke gabansa, sai ya juya ya koma inda ya fito.

Bai rufe baki ba aka kwashe da dariya. Mai riƙe da butar shayi ya ce, "Haba Kyaftin! Duk kuɗin nan da Hajiya ta zuba, ɗan hayaƙi kawai ka gani ka yi ribas?" Wani ya ce shi da okadarsa ya ratsa ruwan sama daga Circle har Madina bai tsaya ba. Na uku ya kawo wadda ta fi ƙona mini rai: "Kai dai matsoraci ne. Ai tsautsayi ba ya wuce ranarsa." Kafin a zuba shayi na biyu har sun raɗa masa suna, Kyaftin Ribas. Yaron ya sunkuyar da kai yana juya kofi a hannu, can ya ce a hankali, "To ai farkon farawa ne. Nan gaba ba zan juya ba."

Innalillahi wa inna ilaihi raji'un. Kun san abin da kuka dasa masa a zuciya kuwa?

Shekara ashirin da biyu na yi ina lodin kaya a filin jirgin saman Accra. Na zauna da matuƙa, na ci abinci kwano ɗaya da makanikai, kuma ba irin labarin hatsarin da ban ji an tattauna ba. Yawancinmu mun ɗauka ƙaramin jirgi na faɗuwa ne saboda inji ya mutu. Hakan na faruwa, amma hatsarin da ya fi cin rai shi ne wanda jirgin lafiyarsa ƙalau, ya kuɓuce wa matuƙi a sama. Hukumar kula da sufurin jiragen sama ta Amurka, ƙasar da ta fi kowace yawan ƙananan jirage, wannan ta sa a sahun farko na abubuwan da ke kashe mutane. In kuwa ka bi diddigin yadda matuƙin ya kai kansa wurin, sau da yawa za ka tarar da magana ɗaya: dole in isa yau. Ana jirana. Kada a ce na ji tsoro.

Bari in gaya muku abin da ke cikin girgijen da kuke kira ɗan hayaƙi. Sabon matuƙi da ido yake tuƙi. Yana kallon inda sama ta haɗu da ƙasa, da shi yake gane ko jirginsa a miƙe yake ko ya karkata. Da ya shiga girgije ko hazo mai kauri, wannan layin ya ɓace, ko ta ina fari fat. Sai jiki ya koma dogaro da wani ɗan ruwa da Allah Ya sa a can cikin kunne, wanda ke gaya wa mutum ko a tsaye yake. Ruwan nan ba ya jin karkata in a hankali ta zo. Jirgi na kwanciya gefe, hancinsa na yin ƙasa, gudu na ƙaruwa, shi kuwa matuƙi zai iya rantsuwa da Alƙur'ani a miƙe yake. In ya ji iska ta fara ƙara ya ja sitiyari don ya hau, sai ya ƙara matse juyin, jirgi ya riƙa murɗawa har ƙasa. Na'urorin da ke gabansa suna faɗa masa gaskiya, amma yarda da allura alhali jikinka na ce maka ƙarya take yi, wannan karatu ne na daban mai lasisinsa na daban. A 1954 wata jami'a a jihar Illinois ta gwada matuƙa 20 da ba su yi wannan karatun ba, aka rufe musu ganin waje. Ba ko ɗaya da ya iya riƙe jirgin. Da aka raba lokacin da suka jure, sai ya kama daƙiƙa 178. Ko minti uku bai cika ba, shayinku bai ma tafasa ba.

Wannan ne ramin da ɗan'uwanku ya hango ya juya, ku kuka sa masa suna.

Kuma girgije bai san kuɗi ko sarauta ba. Ɗan tsohon shugaban Amurka, John Kennedy ƙarami, ranar 16 ga Yuli 1999 ya tashi da jirginsa, da matarsa da yayarta, za su bikin 'yar'uwa. An makara har dare ya yi, hazo ya rufe teku, shi kuma bai kammala karatun tuƙi da na'ura ba. Malaminsa ya ce bari ya raka shi, ya ce shi kaɗai yake son yi. Dukansu uku a ƙarƙashin teku aka samo su, kuma bincike bai ga laifin jirgin ba. Ku masu son ƙwallon kwando kun san Kobe Bryant. Matuƙin da ya ɗauke shi ranar 26 ga Janairu 2020 ya yi sama da awa dubu takwas a sama, ba ɗan koyo ba ne. Ya kutsa girgije, ya shaida wa masu kula da zirga-zirga cewa hawa yake yi, alhali gangarowa yake. Mutum tara, har da 'yar Kobe mai shekara 13. Masu bincike sun ce ba su ga shaidar wani ya tilasta masa ba, shi ya matsa wa kansa don kada ya ba babban mutum kunya. Shekara huɗu bayan nan, ranar 9 ga Fabrairu 2024, irin wannan ta cinye shugaban bankin nan na Najeriya, Herbert Wigwe, da matarsa da ɗansa, cikin dare da mugun yanayi a hamadar Kalifoniya. Gani ga wane ya ishi wane tsoron Allah. Amma ku ba ku gani, waya ce a hannunku dare da rana, ba abin da kuke nema a cikinta sai caca da rawar 'yan mata.

Ɗan ƙwallon ƙafan nan Emiliano Sala fa? Ai a bes ɗin nan kuka yi ta jimaminsa a Janairun 2019, lokacin da ƙungiyar Cardiff ta saye shi daga Nantes, ƙaramin jirgin da ya ɗauko shi ya faɗa teku. Tafiyar safe ce aka mayar da ita ta dare, matuƙin ba shi da izinin tashi da dare, ba shi da na ɗaukar fasinja don kuɗi, ga kuma hayaƙin inji mai guba da ke zubowa cikin jirgin. Kalma ɗaya ta rage a faɗa a daren nan, "ba zan tashi ba", aka rasa mai faɗinta. Da ya faɗa, da irinku sun kira shi matsoraci, da kuma wataƙila yau yana gidansa cikin 'ya'yansa.

Kunyar nan har wajen sauka take bin mutum. Matuƙi ya zo juyin ƙarshe don ya daidaita da titin jirgi, sai ya ga ya ɗan zarce. Abin da aka koya masa shi ne ya ba da wuta ya hau, ya sake zagayowa, minti biyar ne. Amma akwai masu kallo a ƙasa, akwai fasinja a gefe. Sai ya matse juyin da ƙarfi ga gudu ya ragu, fiffike ya daina ɗaukar jirgi, ya kife, ba kuma tazarar da zai gyara. Mutum ya sayar da ransa don kada a ce bai iya sauka a karon farko ba. Sauri ya haifi nawa.

Batun nauyi kuwa, nan ne gonata. Jirgi ba trotro ba ne, motar hayarmu, da za a ce a matsa a ƙara mutum ɗaya. Kowane kilo sai an auna, kuma sai an san inda za a ajiye shi, don in nauyi ya taru a baya hanci zai ɗaga ya ƙi saukowa. Cessnar nan mai kujera huɗu, in ka cika tankinta, sau da yawa ba za ta ɗauki ƙarti huɗu da jakunkunansu ba. In rana ta take, iska na yin sako-sako, jirgi ya ci titi mai tsawo kafin ya ɗaga. A Agustan 2001 a tsibirin Bahamas an danƙara wa wani ƙaramin jirgi kayan da suka wuce ƙa'ida da sama da kilo 300, ya ɗaga kaɗan ya faɗi a bakin fili, mutum tara suka tafi. Na sha tsayawa gaban ma'auni wani mai babbar riga na yi mini tsawa a kan akwati ɗaya, yana tambayata ko na san ko shi wane ne. Halin nan ɗaya ne da na mai cika kwalekwale a tafkin Volta har ruwa ya kusa baki, ɗaya ne da na fasinjan da ke zagin direba a hanyar Kumasi don ya ƙi wuce tirela a kwana. Kun sha yi, na sha ji da kunnena: "Direba, ka taka mana, ko tsoho ne kai?" Jajibirin Sallah a cika mota da dare za a Tamale ko Bawku, direba ya ce barci yake ji, a saya masa abin sha mai ƙara kuzari a ce ya daure. Ba na ma son in buɗe zancen tramol da wasunku ke haɗiya kafin su hau okada, don in na fara ba zan gama yau ba.

Yaron nan ya kwatanta mini yadda kowace safiya yake tsiyayo mai daga ƙarƙashin fiffike a wani ɗan kofi, ya ɗaga shi a haske. Man shuɗi ne, in akwai ruwa sai ya kwanta a gindi kamar ƙwayar ido. Ya hau ya buɗe tanki ya leƙa da idonsa, ba ya dogara da allura kaɗai. Dokar Amurka ma cewa ta yi a bar rarar man minti 30 da rana, 45 da dare, amma har gobe ana samun masu wuce filin da za su sha mai don kada su ɓata lokaci, inji ya ɗauke musu ana hango gari. Wanda aka koya wa irin wannan natsuwa shi kuke so ku mayar ɗan ganin ido irinku.

Sai kuma ku fake da ƙaddara. Wa ya fi Sayyidina Umar imani a cikinku? Da ya nufi Sham ya ji annoba ta ɓarke, juyawa ya yi da jama'arsa. Aka ce masa gudun ƙaddarar Allah yake yi? Ya ce muna gudu ne daga ƙaddarar Allah zuwa ƙaddarar Allah. Manzon Allah, tsira da aminci su tabbata a gare shi, cewa ya yi da mai raƙumi ya ɗaure shi sannan ya yi tawakkali. A Suratul Baƙara an hana mu jefa kanmu cikin halaka da hannunmu. Duk kun ji waɗannan a makaranta, amma sai ranar da ake son a tunzura wani ake tuna ajali.

Ƙasar nan tamu ta Ghana ba ta gama share hawayen 6 ga Agusta 2025 ba, ranar da jirgin soja mai saukar ungulu ya faɗi a dajin Adansi a hanyarsa ta zuwa Obuasi. Mutum takwas, har da ministoci biyu, cikinsu akwai Alhaji Ibrahim Murtala Muhammed, ga kuma Alhaji Muniru Limuna. Allah Ya jiƙansu. Ban ɗora wa kowa laifi ba. Kwamitin bincike ya ce iska ce mai dannowa ƙasa ta same su cikin mugun yanayi a kan tuddai. Waɗannan horarrun sojoji ne. In sama ta yi wa ƙwararru haka, ina ga yaro ɗan shekara guda a makaranta? In gemun ɗan'uwanka ya kama wuta, shafa wa naka ruwa.

Ku gyara, don Allah. Iyaye ma su san irin zaman da 'ya'yansu ke yi. Abin da ke ba ni baƙin ciki shi ne ba haka muka taso ba. Kakanninmu da suka yi fataucin goro tsakanin Salaga da Kano, madugu ke gaba, in ya zo bakin kogi ya ga ya kawo, sai ya ce a sauke kaya. Ayari ya kwana uku, ya kwana bakwai, ba yaron da ya isa ya ɗaga murya, don an san wanda ya kai mutane gida da ransu shi ake kira uban tafiya. Ni kaina na riski direbobin manyan motocin goro a Kumasi, a Aboabo da Asawase, waɗanda yaron mota ke yi wa bauta shekara biyar yana wanki da duba taya kafin a bar shi ya taɓa sitiyari. In maigida ya leƙa sama ya ce yau ba tafiya, magana ta ƙare, attajiri mai kaya ma shiru yake yi. Ana yi wa irinsu kirari da cewa sun tsufa a hanya ba su taɓa zubar da jinin kowa ba. Yau wa ake yi wa kirari? Wanda ya ɗaga ƙafar babur a titin Nima ana ɗaukarsa a waya. Dattijo ya yi magana a ce zamaninsa ya wuce.

Washegari na kira ɗan ƙanwar tawa na zaunar da shi, na ce duk ranar da ya juya ya kira ni, ni zan yi masa barka. Ya ce, "To Kawu, na ji." Ya dai ce ya ji. Mako mai zuwa zai koma, kuma da safen nan da muka fito sayen koko da ƙosai, wani yaro da bai wuce shekara goma ba ya leƙo daga lungu ya ƙwala masa kira, Kyaftin Ribas. Na ga yadda ya cije leɓe.