Dafin Ma Ya Jira Baɗi

Bayan sallar isha'i ne a teburin mai shayi, a wani ƙauye da ke ƙasar Daura. Wanzami na wasa askarsa, Ɗan Boko ya zo hutu, sai ga Kansila yana baza babbar riga, wadda kowa ya san ta kamfe ce, ba a dai faɗa.

KANSILA: Mai shayi, haɗa mini mai kauri. Yau an gama fentin asibitinmu.

WANZAMI: Wane asibitin, Honarabul? Wanda nake ɗaure akuyata a barandarsa?

KANSILA: Shi. Kuma gobe ka kwance ta, kwamiti zai zo dubawa.

WANZAMI: Ai ita kaɗai ke zuwa aiki kullum. In na kwance ta wa za su tarar?

ƊAN BOKO: Ranka ya daɗe, fenti na nawa ke nan? Ina firamare aka shafa, ina sakandare aka sake. Duk jam'iyyar da ta hau sai ta shafa kalarta, amma ko farasitamol babu a ciki.

MAI SHAYI: Kar ku ci haƙƙin malamin asibiti. Shi ke yanka kati, shi ke allura, shi ke shara, shi ke gadi. Firjin rigakafin ma tun da batirin sola ya mutu, takalmansa yake ajiyewa a ciki.

KANSILA: Gwamnati ba ta da kuɗi.

ƊAN BOKO: A 2001 shugabannin Afirka suka taru a Abuja, suka yi alkawarin ba harkar lafiya kashi 15 cikin 100 na kasafin kuɗi.

KANSILA: A 2001 ni rake nake sayarwa a tasha. Ba da ni aka yi ba.

ƊAN BOKO: To dokar lafiya ta 2014 fa? Ta ce a ware aƙalla kashi 1 cikin 100 na kuɗin shigar Gwamnatin Tarayya don lafiya a matakin farko, wato irin wannan asibitin namu. Jihar Katsina mazaɓu 361 gare ta a ƙananan hukumomi 34, kowace ana so ta samu asibiti guda mai aiki.

WANZAMI: Ɗana, kashi ɗayan nan a ƙasa yake tahowa?

ƊAN BOKO: Me ka gani, Baba?

WANZAMI: Na ga hanyar da nisa. Ya baro Abuja, ya sha ruwa a Kaduna, ya yi sallah a Zariya, ya kwana Kano, ya gaisa da dangi a Kazaure. Kafin ya iso nan ai sai gwangwanin fenti. Ni dai ku bar shi haka, don Allah. Ranar da aka kawo likita da magani, wa zai zo in yi masa ƙaho? Wa zan cire wa beli?

KANSILA: Ku dai ba ku da godiya. Ƙasar Daura ce fa! Ga Jami'ar Sufuri ta Tarayya, ga Folitaknik ta Tarayya, ga kwalejin Yusuf Bala Usman. Ka leƙa Katsina ga Jami'ar Umaru Musa Yar'adua, ka gangara Dutsin-Ma ga wata jami'ar.

MAI SHAYI: Allah ya ƙara. Muna da Jami'ar Sufuri, amma mai naƙuda a ƙauyen nan amalanke ke kai ta bakin titi. Ko za a turo ɗalibai su yi nazarin shanun?

KANSILA: Kai zuba shayi. Ɗan Boko, faɗa musu irin benayen da ke makarantarku.

ƊAN BOKO: Akwai su, kuma kusan duk mai kyau da tambarin TETFund, asusun tallafa wa manyan makarantu, a goshinsa, kuɗin harajin ilimi da aka karɓa daga kamfanoni. Sai dai TETFund ba ta biyan albashi, ba ta biyan kuɗin wuta. Ajinmu wanda bai yi sammako ba a taga yake ɗaukar darasi. Ni zango biyu na yi ina jin muryar wani malami, ban san fuskarsa ba sai ranar jarrabawa.

WANZAMI: Me kake karantawa ma?

ƊAN BOKO: Ilimin ƙwayoyin cuta.

WANZAMI: Ka taɓa ganinsu?

ƊAN BOKO: An zana mana a allo. Madubin dubawar guda ne, yana ofis a kulle don kar ya lalace.

WANZAMI: Ashe sana'armu ɗaya. Ni ma ban taɓa ganinsu ba, tsotsowa kawai nake.

MAI SHAYI: Kuma ba kai ne ka dawo mana a 2022 ba?

ƊAN BOKO: Yajin aikin ASUU ne, ƙungiyar malaman jami'o'i, wata 8 cur, kan kuɗin gyaran jami'o'i.

WANZAMI: Allah ya saka wa malaman nan. Shekarar ce kaɗai gonar babanka ta ga noma uku.

Ana cikin haka Kansila ya zura ƙafa cikin takalminsa, sai ya daka tsalle, kofin shayi ya yi nasa wuri.

KANSILA: Wayyo! Kunama! Ku kira malamin asibiti!

MAI SHAYI: Ya tafi Daura bin albashinsa.

KANSILA: To a kawo motar asibiti!

MAI SHAYI: Tana kan duwatsu tun zaɓen da ya wuce. In a ɗauro shanu ne, ka yi magana.

WANZAMI: Miƙo ƙafar nan, Honarabul. Tsaga biyu da ɗan tofi, yanzu dafi ya sauka. Amma kuɗi hannu.

KANSILA: Yi aikinka, Baba! Wallahi zan sa a saka ka a kasafin baɗi!

WANZAMI: To babu laifi. Mai shayi, ƙaro mini ruwan bunu. Dafin ma ya jira baɗi.